Bayan isha'i a cikin kumbo, wane wasa ya rage?

'Yar ƙanwata da ke karatu a jami'a a nan Jidda ta miƙo mini wayarta wani daren Juma'a, ta ce in duba labarin da take rubutawa. Irin labaran nan ne da ita da ƙawayenta ke kira khayal ilmi da Larabci, mu kuma mu ce ƙagaggun labaran kimiyya. Da Hausa take rubuta shi, abin da ya fara faranta mini rai ke nan. Wani katafaren kumbo ne ya kwashi jama'a zuwa wata duniya, tafiyar da wanda ya shiga ba shi zai sauka ba, sai tattaɓa-kunnensa. Yarinyar ta yi ƙoƙari. Ta faɗi inda iskar shaƙa ke fitowa, ta faɗi yadda ake tace ruwa a sake sha, har gonar alayyafo ta sa musu. Da na kai ƙarshe na ce, "'Yata, to in sun idar da isha'i me suke yi?" Ta ce, "Kawu, ai akwai ɗakin nishaɗi a hawa na bakwai." Na ce me ke cikinsa. Ta ce duk abin da mutum yake so.

Wannan amsa ba ita ta ƙirƙiro ta ba, gadonta ta yi. A 1987 wani shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek ya fito da sabon zubi, a cikin kumbon shirin kuwa akwai wani ɗaki fayau wanda ba komai cikinsa sai zane-zanen layi a bango. Kana shiga ka faɗa wa kwamfuta abin da ranka ke so, sai ɗakin ya rikiɗa ya zama daji, ko teku, ko wani birni na shekara ɗari huɗu baya, da mutanensa masu magana da kai kamar na gaske. An kuma sa masa tsaro yadda takobi ba ya yanka ka, harsashi ba ya huda ka. Tun daga lokacin, kusan duk wanda ya zauna zai hasko rayuwar gobe, da ya zo kan batun hutu sai ya jawo irin wannan ɗaki ya ajiye, ya wuce zuwa yaƙi da baƙin halittu.

Amma akwai abin lura a shirin nan kansa. Sau da yawa in marubutan suka so su gina labari a cikin ɗakin, sai sun lalata shi tukuna: tsaron ya mutu, ƙofa ta ƙi buɗuwa, ko ɗaya daga cikin mutanen bogin ya farga ya fara son ransa. Su da suka ƙago ɗakin sun gane da kansu cewa wurin da ba ya hana ka komai ba shi da abin ba da labari. Abin da ba shi da abin ba da labari kuwa, da wuya a zauna cikinsa shekara hamsin.

Wasu marubutan sun bi ta hanyar tsoro. Aldous Huxley a littafinsa na 1932 ya hasko al'ummar da hukuma ke raba wa wata ƙwaya mai suna soma, da gidajen kallo inda har taɓawa kake ji a jikinka, don kada kowa ya samu sararin tambayar halin da yake ciki. Suzanne Collins a 2008 ta hasko ƙasar da ake tara yara su kashe juna a talabijin, masu mulki suna tafi. Ɗaya zuma, ɗaya maɗaci, amma tukunya ɗaya ce ta dafa su da ɗakin hawa na bakwai: wani ne a sama yake shirya nishaɗin, na ƙasa nasa karɓa.

Hausa ta riga ta raba wannan gardama da kalmomi biyu, kallo da wasa. Ɗan kallo yana gefe, hannunsa a aljihu, in an tashi ya tashi. Mai wasa kuwa da jikinsa da sunansa ya shiga. Ɗauki dara. Gurbi talatin ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsakuwa wancan kara, ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawarka. Kayan ba su kai kuɗin ruwan leda ba. Me ya sa dattawa ke wuni a kanta a gindin bishiya? Saboda wanda ke zaune gabanka yana da nasa wayon da ba ka iya gani, ba ya son ka ci, kuma in ya cinye ka unguwa za ta ji. Kun yarda da doka ɗaya ba wanda ya tilasta muku, ana kiran salla kuma ku share gurbin ku tashi. Cire mutumin nan ka sa na'ura, ɗayan biyu ne: ko ta cinye ka kullum, ko ta bar ka ka ci don ta faranta maka. Tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a shaɗaranji, wato wasan chess, a 2016 wata manhajar ta doke Lee Sedol ci huɗu da ɗaya a wasan Go na mutanen gabashin Asiya. Yau wayar da ke hannunka ta fi zakaran duniya iya shaɗaranji. Duk da haka mutane ba su daina zama gaban juna suna bugawa ba, don abin da suke nema a wurin ba a jikin allon yake ba.

Ba ina kushe wasan na'ura ba ne, kada a fahimce ni a karkace. 'Ya'yana suna buga ƙwallo a PlayStation da 'yan uwansu da ke Kano, ta intanet, kuma ihun da ake yi da tsiyar da ake wa wanda aka ci, ba su da bambanci da na gindin bishiya. Wasa ne cikakke, domin akwai mutum a ɗaya ɓangaren. Ƙasar nan da muke zaune ma ta rungumi harkar hannu bibbiyu. A 2016 aka kafa hukumar nishaɗi, a Afrilun 2018 aka sake buɗe sinima a Riyad bayan fiye da shekara talatin a rufe, a 2024 kuma aka yi gasar duniya ta wasannin kwamfuta a Riyad da kyautar da ta haura dala miliyan 60. A 2023 an nuna zanen wani gini mai suna Mukaab, tsawo da faɗi da tsayi duk mita 400, wanda aka ce cikinsa zai riƙa rikiɗa da hasken na'ura, yau kana ƙarƙashin teku gobe kana wata duniya. Wato ɗakin 'yar ƙanwata ne aka zana shi da girman unguwa. Shi ya sa nake ganin tambayar da na yi mata ta fi ƙarfin labari, tana bakin ƙofarmu.

To bari mu bar hasashe mu tambayi waɗanda suka je. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi kimanin kilomita 400 sama da mu, tana zagaye duniya cikin kusan minti 90. Ma'aikatanta na motsa jiki wajen awa biyu kullum, amma wannan magani ne, don ƙashi da tsoka suna zaizayewa in babu nauyi. Abin da suke yi da ɗan lokacin da ya zama nasu shi ne abin dubawa. Mafi yawansu taga suke nufa. A 2010 aka maƙala wa tashar wani ɗan ɗaki mai tagogi bakwai da ke fuskantar ƙasa, ya zama dandalinsu, nan suke leƙen garuruwansu suna ɗaukar hoto. Suna haɗuwa su ci abinci tare. Chris Hadfield ɗan Kanada ya kaɗa jita ya yi waƙa a 2013. Aleksandr Serebrov ɗan Rasha ya tafi tashar ƙasarsu mai suna Mir da 'yar na'urar Game Boy a 1993. Sultan Alneyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da ya yi wata shida a 2023, ya sa rigar kokawarsa ta jiujitsu ya gwada juyi a iska. Alan Shepard kuwa a Fabrairun 1971 ya ɗauki kan sandar golf zuwa wata, ya buga ƙwallo biyu da hannu ɗaya. Mutanen nan sun zauna cikin na'urori masu ɗan karen tsada, amma abin da ke sanyaya musu rai ƙanana ne, kuma kusan duk daga gida suka taho da shi.

An kuma gwada ɗaya gefen. Daga Yunin 2010 zuwa Nuwamban 2011 an kulle maza shida a wani gini a Mosko har kwana 520, ana kwaikwayon tafiya duniyar Mas da dawowa. Suna da littattafai, da fina-finai, da wasannin kwamfuta. Binciken da aka yi a kansu ya nuna yawancinsu sun daɗa zama wuri ɗaya, barcinsu ya rikice, har ɗaya ya koma rayuwa a kan yini mai awa kusan 25, ya zama sau da yawa yana barci sauran suna farke. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai. Mutum shida kacal, ɗaya ya fita daga lokacin sauran. Wanda ba ku farka tare ba, yaushe za ku yi wasa tare?

Mu da ke zaune a Hijaz ba baƙi ba ne ga wannan yanayi. Daga Yuni zuwa Satumba, rana ta kan tura mu cikin akwati mai sanyin na'ura, daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa wurin aiki, waje kuwa ba ya zaunuwa. Sai dare ya yi gari ke farkawa. Ka je bakin teku a Jidda ƙarfe goma sha ɗaya ka ga iyalai sun shimfiɗa darduma da butar shayi. Ka leƙa istiraha, wato gidan shaƙatawa, ka ji ana buga balot, ana doka kati a ƙasa kamar za a yi faɗa, ko yara sun kewaye allon keram. A Makka ka bi ƙamshin tsire, wanda mutanen garin suka karɓa daga hannun kakanninmu suka kira shi siriya. Duk wanda zai rubuta rayuwar cikin kumbo da Hausa, ya fara da kallon yadda mutanenmu na Shari' Mansur da Hindawiyya suke cin darensu, zai samu abin da ba ya cikin fim.

Yanzu ga inda na fi so marubutanmu su daɗe, don nan ilimin yake haɗuwa da al'ada. Wasanninmu an gina su ne a kan ƙasa, kuma ƙasa tana jan komai zuwa gare ta. Ɗauke wannan jan ka ga abin da zai faru. Carafke ta mutu nan take, don tsakuwar da yarinya ta cilla sama ba za ta dawo ba, za ta wuce ta bugi rufi. Langa ba ta da ma'ana, tunda wahalarta ita ce ɗaukar nauyin jiki a ƙafa ɗaya, ga shi babu nauyin. A dambe, kisa shi ne hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, a kokawa kuma kayarwa ce. To ina ƙasan? Ka kai wa mutum naushi a inda ba nauyi, shi ya yi gaba kai ka yi baya. Dole 'yan damben kumbo su sake doka, wataƙila wanda bayansa ya fara taɓa bango shi aka kashe, kuma daga nan sabon salo zai fito, sabon kirari, sabon kiɗa. A kan wata kuwa, inda nauyin mutum yake kashi ɗaya cikin shida na nan, langa za ta dawo da ranta, sai dai tsalle ɗaya zai kai yaro inda a nan sai ya yi da yawa, kuma turewa kaɗan ta isa ta watsar da shi. A Mas nauyin bai kai kashi 40 cikin 100 ba. In kuma kumbon irin mai juyawa ne kamar taya don ya samar da nauyin roƙo, ƙwallon da aka buga sama ba za ta sauko inda ido ke zato ba, za ta karkace gefe, kuma karkatar ta danganta da ko ka buga ta bin juyin ko saɓaninsa. Yaron da aka haifa a ciki zai san wannan a ƙafarsa. Ranar da ya sauka a duniyar da ba ta irin wannan juyi, shi ne zai zama baƙo a fili.

Dara kam za ta tsira, kuma ba hasashe nake yi ba. A Yunin 1970 'yan sama-jannatin Rasha biyu da ke cikin kumbon Soyuz 9 sun buga shaɗaranji da abokan aikinsu na ƙasa, wasan ya ɗauki kusan awa shida, aka tashi canjaras. Allon da aka ƙera musu yana da tsagi da 'yan ƙusoshi yadda 'ya'yan ba za su tashi su shiga hancin wani ba. Haka za a yi wa dara: gurbi ya zama rami, kara ya zama turke. Har wata fa'ida gare ta. Saƙo tsakanin duniya da Mas yana ɗaukar daga kusan minti 3 zuwa minti 22 kafin ya isa, gwargwadon nisan da ke tsakaninsu a lokacin. Ƙwallon da 'ya'yana ke bugawa da 'yan Kano ba za ta yiwu ba ke nan, hira ta waya ma haka. Amma dara tana jira. Ka motsa ɗanka, ka tafi aikinka, amsa ta same ka. Na tuna kaset ɗin da kakata ke aiko mana ta hannun alhazai muna yara, ta gaisa, ta yi wa kowane jika tsiya da sunansa, mu ma mu ɗauki namu mu rama, ya koma bayan aikin Hajji. Tsokana guda sai ta shekara kafin a mayar da martaninta, kuma ba ta taɓa yin lami ba.

Tsire ne zai sha wuya. Ba a hura wuta a kumbo, garin yaji kuma zai watsu ya shiga idanu da injina, shi ya sa gishiri da barkonon 'yan sama-jannati ma a ruwa-ruwa ake ba su. Ga shi kuwa sun fi kowa son yaji, don ruwan jiki yana taruwa a kai kamar mai mura, ɗanɗano ya dushe. Marubuciyar da ta lura da wannan ta samu babi guda kyauta.

Kumbon da ake haihuwa a mutu a cikinsa ba almara ce zalla ba, lissafi ne ya kawo shi. Tauraro mafi kusa da ranarmu yana da nisan da haske ke ci cikin shekara huɗu da 'yan watanni. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, mai gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan nisa. Na ce wa 'yar ƙanwata, ke kuwa jinin masu irin wannan tafiya ce. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi noma su tara guzuri, su ƙara gaba zuwa Sawakin su tsallaka teku. Wasu sun yi shekaru a hanya, wasu an binne su a hanya 'ya'yansu suka iso, wasu suka kafa garuruwa irin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Kayan da za su iya ɗauka kaɗan ne. Amma sun iso da tatsuniya, da kacici-kacici, da gaɗa, da wasan taubashi, don waɗannan ba su da nauyi a kai. Lokacin da Rayyana Barnawi 'yar Saudiyya ta tafi tashar sararin samaniya tare da Ali Alƙarni a Mayun 2023, shekara 38 bayan tafiyar Yarima Sultan bin Salman sararin samaniya, ba Bahaushen Jidda da bai tsaya a kan sunan nan ba, don kowa ya san Barnawi Barno yake nufi.

A cikin duk abin da suka taho da shi, wasan taubashi ne nake ganin kumbo ya fi buƙata. Ka tuna mutanen nan ba su da inda za su gudu. Wanda ya ɓata maka rai da safe, da shi za ka ci abincin dare, haka har ku tsufa. Al'adarmu ta tanadi mutanen da aka halatta musu su gaya maka magana mai zafi cikin dariya ba ka da ikon fushi: ɗan mace da ɗan namiji, kaka da jika, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Ta nan tururi ke fita tukunya ba ta fashe ba. Ba ya cin lantarki, ba ya son nauyi, ba ya lalacewa. Kuma ba shakka bayan ƙarni biyu a kumbo sababbi za su tsiro, masu kula da gona da masu kula da inji su zama abokan wasa, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Wannan shi ne irin abin da in na karanta zan yarda mutane ne a cikin kumbon.

Ta tambaye ni ko malamai ba za su ce mutanen da ke cikin irin wannan hatsari ba su ga ta wasa ba. Na tuna mata hadisin Hanzala da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa sa'a da sa'a. Na tuna mata ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya bar Habashawa suna wasa da masu a masallaci tana kallo. Wasa yana da gurbinsa, abin da ake nema shi ne ya san lokacinsa.

Lokacin kuwa shi ne matsalar da ban iya warware mata ba. A tashar sararin samaniya rana tana fitowa ta faɗi sau 16 a yini guda. Ma'aikatan agogon Girinwic (GMT) suke bi, su rage fitilu in lokacin barci ya yi. Da Sheikh Muszaphar Shukor ɗan Maleshiya zai tafi a Oktoban 2007, cikin azumi, malaman ƙasarsa sun rubuta masa jagora cewa ya bi lokutan sallar wurin da aka harba shi. Wannan ya yi wa mai kwana goma. Amma wanda aka haifa a tsakiyar tafiya, babu rana babu wata, daren wa zai bi? Tatsuniya abar dare ce, kakata ba ta yarda ta yi mana da rana sai an ɗaure Gizo. Gaɗa ta farin wata ce. Tashe sai azumi ya kai goma. Duk wasanninmu suna rataye ne a jikin sama, kumbo kuwa ya baro saman a baya. Ke nan a cikinsa akwai wani mutum, ko wani kwamiti, da ke riƙe da makunnin fitila, shi ke cewa yanzu dare ya yi, shi ke cewa yau wata ya cika. Na ce mata ta nemo mini wannan mutumin, wa ya naɗa shi, kuma me zai faru ranar da yaran hawa na uku suka roƙe shi ya ƙara musu awa guda na farin wata don ba su gama gaɗa ba.

Ta karɓi wayarta ta yi shiru tana gungurawa. Can ta ce, "Kawu, ɗakin hawa na bakwai fa, in goge shi?" Na ce ta bar shi, amma ta gaya mini su wa ke shigarsa, su wa suka daina, da abin da tsofaffin kumbon ke cewa game da yaron da ya kwana uku a ciki bai fito cin abinci da kowa ba. Ta ce sai Juma'a mai zuwa.